Lissafin Dokin Rano a Cikin Kwamfuta: Auna Yiwuwar Nasarar Aikin Gyara Kafin a Zuba Kuɗi

 



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne yadda ake amfani da shafin lissafi na kwamfuta, irin su Excel da Google Sheets, a kimanta yiwuwar nasarar aikin gyaran tsari tun kafin a fara shi. In na ce gyaran tsari, ina nufin duk wani yunƙuri na canza yadda ake gudanar da aiki domin a rage ɓarna ko jinkiri ko kuskure. Masaƙa na son rage yadin da ke fitowa da aibi, asibiti na son rage zaman marasa lafiya a kan benci, banki na son layi ya daina kaiwa bakin titi. Irin wannan aiki kullum da takarda yake farawa. Wani ya zauna ya rubuta cewa in aka kashe naira kaza, cikin wata kaza za a samu riba kaza. Oga ya zame da ido zuwa ƙasan shafi, ya ga lamba ta ƙarshe ta yi kyau, ya sa hannu. Wannan lamba ta ƙasan shafi ita na kawo ƙara gabanku yau.

Bari in fara kawar da wani shakku. Wani abokina da ya ji maudu'in ya yi dariya ya ce, "Malam, duba ka koma yi?" Ba duba ba ne. Sanin gobe sai Allah. Amma matar da ta ɗaga kai ta ga hadari ya haɗo daga gabas ta kwashe shanyarta ba ta yi da'awar gaibu ba. Aunawa ta yi, ta ga ruwan ya fi kusa da sauka, ta kuma san asarar jiƙewar gero ta fi wahalar kwashewa. Wani lokacin hadarin ya watse ta sake shanyawa, kuma ba mai cewa ta yi wauta. Abin da za mu sa kwamfuta ta yi ke nan, ba ƙari.

Masu sana'ar gyaran tsari suna da dogon tarihi. A 1924 wani masani a Amurka, Walter Shewhart, ya zana jadawalin da ke nuna cewa babu injin da ke fitar da kaya biyu iri ɗaya sak. Kullum akwai ɗan sama da ɗan ƙasa, kuma aikin mai lura shi ne ya rarrabe bambancin yau da kullum da wanda ke nuna wani abu ya lalace. W. Edwards Deming ya kai wa masu masana'antun Japan wannan karatu a 1950. A 1986 injiniya Bill Smith na kamfanin Motorola ya fito da tsarin da ake kira Six Sigma, wanda burinsa kada kuskure ya wuce 3.4 a cikin miliyan, Jack Welch kuma ya mayar da shi dokar gida a General Electric daga 1995. Duk karatun nan tushensa ɗaya: kada ka yarda da lamba ɗaya, ka tambayi faɗin bambancin da ke kewaye da ita. To abin mamaki, mutumin da zai yi maka awa guda yana bayanin bambancin kaurin leda, in aka zo kan aikin da shi kansa zai jagoranta, sai ya rubuta miliyan shida, wata biyu, riba miliyan ɗaya. Ba sama, ba ƙasa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Mu ɗauki misali. Lambobin da zan kawo na karatu ne, ni na tsara su, kada wani ya fita ya ce ya ji sirrin wani kamfani. A ce kamfanin ruwan leda ne, leda na fashewa a wurin liƙi, dillalai na dawo da jakunkuna suna masifa. Injiniya ya kawo shawara: a sauya kan injin da ke liƙewa, a sayi na'urar daidaita wuta, a horar da yaran da ke kan inji. Ya ce aikin zai ci naira miliyan 6, za a gama cikin wata 2, daga nan kowane wata za a tsirar da naira 700,000 da a da ke zubewa a ƙasa. Mai kamfani ya gindaya sharaɗi ɗaya, kuɗinsa su dawo cikin shekara. Akanta ya buga: wata 10 sau 700,000, miliyan 7 ke nan, a cire 6, saura miliyan 1. Kowa ya tashi da fara'a.

Babu wanda ya yi ƙarya a wannan zama. Kowace lamba a cikin ukun ita ce wadda ta fi kusa da faruwa. Amma ku ja injiniyan gefe, ku saya masa shayi, ku tambaye shi: in komai ya tafi daidai, nawa aikin zai ci? Zai ce miliyan 5.5. In abin ya ƙi fa? Zai sosa ƙeya ya ce zai iya kai miliyan 9. Lokaci fa? In an yi sa'a wata 1, in an sha wuya wata 6. Abin da za a tsirar a wata? Ba zai gaza 300,000 ba, ba zai wuce 900,000 ba. Ku dubi waɗannan iyakoki da kyau. Kuɗin aikin na iya sauka da rabin miliyan kawai, amma yana iya hawa da miliyan uku. Lokacin na iya raguwa da wata ɗaya, yana iya ƙaruwa da huɗu. Duka ukun gefe guda suka karkata, kuma ba laifin injiniya ba ne, haka irin wannan aiki yake. Kaya na iya maƙalewa a tashar jiragen ruwa wata uku, amma ba a taɓa jin sun iso wata uku kafin a yi odarsu ba. Lamba ɗaya ta ƙasan shafi ta haɗiye duk wannan labari.

Hakan ya taɓa cinye gari. A 1997 masu hasashen yanayi a Amurka suka sanar da mutanen Grand Forks, a jihar Dakota ta Arewa, cewa kogin da ya ratsa ta gefensu zai kai ƙafa 49. Mutane suka ɗaga shingen ƙasa kaɗan sama da haka. Ruwa ya zo ya kai ƙafa 54, ya shanye garin, aka kwashe dubban mutane. Masu hasashen sun san lambarsu na iya kuskurewa da ƙafafu da dama, amma abin da ya shiga kunnen jama'a 49 ne kawai.

Kafin mu je ga babban lissafi, ga wani ƙarami da kowa zai iya yi a wayarsa yanzu. Aikin kamfaninmu ba zai yi nasara ba sai abubuwa biyar sun tabbata: kayan sun iso lafiya, sun dace da tsohon inji, yaran sun bi sabon tsari, mai kamfani bai janye kuɗin ya kai wani wuri ba, injiniyan bai samu aiki mai tsoka ya tafi ba. Ka tambayi kowane ɗaya, za a ce maka, "Haba, ai wannan kashi 90 ne." Sai zuciya ta ce aikin gaba ɗaya ma kashi 90 ne. Ku buɗe gurbi ɗaya ku rubuta =0.9^5. Amsar 0.59 ce. In kowane kashi 80 ne, amsar ta sauka zuwa 0.33, wato ɗaya cikin uku. Biyar ɗin nan sarƙa ce, ninka su ake yi, ba matsakaicinsu ake ɗauka ba. Na ga manyan mutane sun yi shiru a ɗakin taro saboda wannan gurbi ɗaya.

Amma kuɗi da lokaci ba e ko a'a ba ne, suna da hawa-hawa, kuma haɗa iyakoki uku masu karkata da alƙalami aiki ne mai cin rai. A nan ne wata dabara ta shigo, wadda asalinta gadon jinya ne. A 1946 Stanislaw Ulam, masanin lissafi ɗan asalin Polan da ya yi aiki a Los Alamos inda aka ƙera bam ɗin nukiliya, yana murmurewa daga rashin lafiya, yana rage lokaci da wasan karta irin wanda mutum ke yi shi kaɗai. Sai ya tambayi kansa: sau nawa cikin ɗari wannan wasa ke fita? Ya gwada warwarewa da ƙa'idojin lissafi, abin ya cakuɗe. Sai tunani ya zo masa cewa ai da ya baza kartar sau ɗari ya ƙirga sau nawa ta fita, da ya samu amsa mai kusa da gaskiya ba tare da ciwon kai ba. Ya gaya wa John von Neumann, suka ɗora dabarar a kan ENIAC, kwamfutar da ta cika ɗaki, nauyinta ya kusa tan 30. Abokin aikinsu Nicholas Metropolis ya raɗa mata suna Monte Carlo, sunan unguwar gidan caca a Monako inda wani kawun Ulam ke zuwa yin caca da kuɗin aro. Kada sunan ya tsorata ku. Ɗan caca ba abin da ya tsana irin a zauna a ƙirga masa. Shafin lissafi kuwa ya zo daga baya: Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979, Excel ya biyo a 1985. Yau abin da Ulam ya jira ENIAC ta yi masa, tsohuwar kwamfutar ofishinku za ta yi shi kafin shayi ya huce.

Ga yadda ake ginawa. A saman shafi ka jera lambobin nan tara da injiniya ya ba ka, kowace a gurbinta da sunanta a gefe. Sannan ka sauko layi ɗaya ka gina rayuwa ɗaya ta aikin, daga farawa zuwa ƙarshen shekara. In ka rubuta =RAND() a gurbi, Excel zai jefo maka lamba tsakanin 0 da 1, kuma duk lokacin da ka danna F9 zai jefo wata. Ɗan ludo ne mai fuskoki ba iyaka. Sai ka sa fomular da za ta mayar da wannan jifa ta zama kuɗin aiki, ta yadda zai riƙa faɗawa kusa da miliyan 6 a kai a kai, ya leƙa wajen 9 jefi-jefi. Mafi sauƙi ita ce wadda ake kira mai kusurwa uku. In jifar tana gurbin A2, ta kuɗin aikinmu ga ta:

=IF(A2<0.5/3.5, 5.5+SQRT(A2*3.5*0.5), 9-SQRT((1-A2)*3.5*3))

Wannan 3.5 tazara ce daga 5.5 zuwa 9, 0.5 daga 5.5 zuwa 6, 3 kuma daga 6 zuwa 9. Na rubuta lambobin ƙuru-ƙuru ne domin ku gani. A aikin gaske ku nuna gurabun saman shafi, don in injiniya ya canza magana a canza wuri ɗaya. Kuma ku kula da wani rami da kusan kowane ɗalibi ke faɗawa: kada ku cusa RAND sau uku a cikin fomular, domin kowace za ta jefo tata lambar daban, lissafin ya lalace ba tare da ya nuna alama ba. A ba ta gurbinta ita kaɗai.

Haka za ka yi wa lokaci, ka yi wa abin da za a tsirar a wata, kowane da tasa jifar. Gurbi na gaba ya cire watannin jinkiri daga 12, ya ninka da abin da aka tsirar, ya cire kuɗin aiki. Na ƙarshe ya rubuta 1 in an mayar da kuɗi, 0 in ba a mayar ba. Shi ke nan, ka kama kusurwar layin ka ja shi ƙasa har layi 10,000. Yanzu kana da kamfani dubu goma, kowane ya yi aikin nan ya ga abin da ya gani. Ka sa COUNTIF ta ƙirga masu 1, ka raba da 10,000.

Da lambobin injiniyanmu, amsar tana faɗawa tsakanin kashi 20 da 25 cikin ɗari. Aikin da takarda ta ce zai bar ribar miliyan 1, a gaskiya bai kai sau ɗaya cikin huɗu da zai mayar da kuɗinsa a shekara ba, kuma matsakaicin layukan giɓi ne na fiye da miliyan 1. Lambobin mutum ɗaya ne, a rana ɗaya. Bambancin kawai, a karo na biyu an bar shi ya faɗi duk abin da ya sani.

Ku danna F9 sau biyar za ku ga amsar na ɗan rawa. Da layi 1,000 takan yi sama da ƙasa da kimanin kashi 3, da layi 10,000 kimanin kashi 1. Saboda haka duk wanda ya kawo muku rahoto ya ce yiwuwar nasara kashi 23.47 ce, ku ce masa ya goge abin da ke bayan ɗigo. Kwalliya ce, ba sani ba.

To a soke aikin ke nan? A nan ne abin ya fara daɗi. Ku koma shafin ku canza 12 ta zama 18. Amsar za ta tashi zuwa kusan tara cikin goma. Ba a taɓa inji ba, ba a taɓa leda ba, wa'adi kawai aka matsar. Ashe tambayar da ya kamata a kai wa mai kamfani ita ce: ranka ya daɗe, kuɗin nan na aljihunka ne ko bashin banki ne mai ruwa? In zai iya haƙurin shekara ɗaya da rabi, aikin mai kyau ne. In a wata na goma sha biyu masu bashi za su tsaya masa a ƙofa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ya sa nake dagewa cewa a rubuta ma'anar nasara, da lamba da wa'adi, a saman shafi kafin a buga komai. In ba haka ba, ranar da za a yi hisabi kowa zai kawo tasa ma'anar, kuma ta oga ce za ta ci.

Akwai wani amfani kuma da na fi so. Ka daskarar da biyu daga cikin abubuwa ukun, ka bar ɗaya yana rawa, ka ga yadda sakamakon ke bazuwa, ka yi haka ga kowane. A misalinmu fiye da rabin rashin tabbas ɗin daga wuri ɗaya yake fitowa, wato abin da za a tsirar a wata. Alhali a ɗakin taro duk gardamar a kan farashin kaya aka yi ta. Shafin ya nuna inda jahilcinmu ya fi tsada, kuma wannan jahilci yana da magani mai arha. A gwada gyaran a kan inji ɗaya na mako biyu, a ƙirga leda. Ko kafin wannan ma, a ɗauko littafin da ake rubuta kayan da aka dawo da su, a zaɓi ranaku biyar ta hanyar ƙuri'a, a duba mafi ƙanƙanta da mafi girma. Akwai yiwuwar kashi 93.75 cewa adadin rana tsaka-tsaki yana tsakanin waɗannan biyun. Douglas Hubbard ne ya yaɗa wannan ƙa'ida ta biyar, kuma dalilinta ba wuya: kafin ta kuskure sai duka biyar sun faɗa sama da tsakiya ko duka sun faɗa ƙasa, kamar a jefa kwabo sau biyar ya faɗi fuska ɗaya, wato 2 cikin 32.

Yanzu bari in juya in caccaki kayan da na tallata muku, domin mai talla da ba ya faɗin aibin hajarsa ba abin yarda ba ne.

Na farko, shafin nan ba ya sanin komai sai abin da aka zuba masa, kuma masu zubawa mutane ne da ke cin abinci a ƙarƙashin oga. In oga ya riga ya ce a taro wata biyu za a yi, wane ƙaramin ma'aikaci ne zai ɗaga hannu ya ce shida? Ga kuma wani abu namu: muna jin nauyin ambaton mummunan sakamako, kada a ce mun yi wa aiki baki. Ka tambayi mutum iyakar lalacewa, ya ce, "In sha Allahu ba za a kai ga haka ba." Amin, amma gurbin na nan yana jiran lamba. Abin da na ga yana aiki shi ne a raba ƙananan takardu kafin kowa ya buɗe baki, kowa ya rubuta lambobinsa uku ba suna, har da yaron da ke kwana a kan inji, domin shi ya san sau nawa wuta ke ɗaukewa tsakanin magariba da asuba. Masanin halayyar ɗan'adam Gary Klein ya ƙara wata dabara: a ce wa mahalarta su ɗauka shekara ta zagayo, aikin ya riga ya mutu, kowa ya rubuta abin da ya kashe shi. Mutumin da ba zai iya cewa aikin oga zai mutu ba, yakan iya yin bayanin gawa.

Na biyu, shafin da muka gina ya ɗauka cewa jifa ukun ba ruwan ɗaya da ɗaya. A zahiri masifa ba ta zuwa ita kaɗai. Jinkiri na jawo ƙarin kuɗi. Kuma duk wanda ya yi kasafi a Nijeriya a farkon 2023, lokacin da dala a farashin hukuma take wajen naira 460, ya ga yadda ta haura 1,500 a farkon 2024, ya san abu ɗaya na iya tura kayan inji da leda da sufuri sama a lokaci guda. Maganin shi ne irin wannan abu a ba shi gurbinsa da jifarsa, sauran su rataya a jikinsa. In aka yi sakaci da wannan, shafin zai nuna mummunan sakamako bai kai yadda yake ba.

Na uku, shafin kansa na iya zama da kuskure, kuma manya ma ba su tsira ba. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa binciken da 'yan siyasa suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi shafinsu na Excel ya gano cewa fomular matsakaici ta tsaya kafin ta kai ƙarshen jeri, ta bar ƙasashe biyar a waje. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta zubar da sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu da korona, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil da ba ya wuce layi 65,536. Duk shafin da za a yanke hukuncin miliyoyi a kansa, a ba wani wanda bai gina shi ba ya bi shi gurbi-gurbi, zai fi kyau ma a ba wanda ba ya son aikin.

Na huɗu shi ne babba, kuma a kansa nake so mu ɗan zauna. Shafin ba ya ganin abin da ba a yi masa gurbi ba. Ni kaina na taɓa gina wa wata ma'aikata irin wannan lissafi, ya fito da yiwuwa mai daɗin ji, na gabatar ina ta alfahari. Wata huɗu da farawa aka yi wa shugaban sashen canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya zo da nasa shirin, namu ya shiga durowa. A cikin layukana dubu goma babu ko ɗaya da aka yi wa wani canjin wurin aiki.

Daniel Kahneman, wanda ya samu kyautar Nobel a 2002, ya ba da labarin irin wannan da ya faru da shi. A shekarun 1970 ya haɗa tawaga a Isra'ila domin rubuta littafin koyarwa na makarantun sakandare a kan yanke shawara. Bayan shekara guda suna aiki, ya ce kowa ya rubuta a takarda shekara nawa ta rage. Amsoshin suka taru tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Sai ya juya ga Seymour Fox, ƙwararre a harkar tsara manhaja da ke cikinsu, ya tambaye shi: sauran tawagogi irin tamu da ka sani, yaya suka ƙare? Mutumin ya yi shiru, sannan ya ce kimanin kashi 40 ba su taɓa gamawa ba, waɗanda suka gama kuma bai san wadda ta yi ƙasa da shekara bakwai ba, ko ta wuce goma. Ku lura, shi wannan Fox ɗin minti kaɗan da suka wuce ya rubuta kusan shekara biyu kamar kowa. Ilimin na cikin kansa, amma bai haɗa shi da aikin da ke gabansa ba sai da aka yi masa tambayar ta wata fuska. Tawagar ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba. Littafin ya ɗauki shekara takwas, kuma da aka gama ma'aikatar ilimi ta riga ta daina sha'awarsa, ba a taɓa koyar da shi ba.

Abin da Fox ya ba su shi ne abin da Monte Carlo ba zai iya ba ku ba: tarihin 'yan'uwan aikin. A cikin wannan tarihi akwai canjin wurin aiki, da rashin lafiya, da rigimar ofis, da duk abin da ba wanda zai tuna ya yi masa gurbi. To ina za ku samo naku? Za ku ji ana yawan cewa kashi 70 na irin waɗannan ayyuka faɗuwa suke yi. Kada ku ɗora komai a kan wannan lamba. Ɗaya daga cikin tushenta littafin Michael Hammer da James Champy ne na 1993, inda suka kawo kashi 50 zuwa 70, kuma su da kansu suka bayyana cewa kintace ne, ba bincike ba. Tarihin da zai amfane ku yana cikin durowar ofishinku.

Ku buɗe shafi na biyu, wanda ba shi da RAND ko ɗaya. Kowane layi aiki ɗaya ne da ma'aikatarku ta taɓa yi: abin da aka ce zai ci da abin da ya ci, lokacin da aka ɗiba da wanda ya ɗauka, ribar da aka yi alkawari da wadda aka gani. Ku ƙara gurbi ɗaya da nake ganin ya fi sauran daraja: wata shida bayan an yanka ƙyalle an ɗauki hoto, gyaran na nan ko an koma gidan jiya? Kuma waɗanda aka yi watsi da su a hanya su ma a rubuta su, domin su ne ake mantawa, kuma su ne masu labari. In ayyukan ba su da yawa, akwai tsohuwar ƙa'idar Laplace, masanin lissafi na Faransa: ka ƙara 1 a kan waɗanda suka yi nasara, ka ƙara 2 a kan jimilla, ka raba. Ayyuka 10, uku suka yi nasara, 4 cikin 12 ke nan, ɗaya cikin uku. Daga nan in wani ya kawo sabon aiki da shafinsa na nuna kashi 85, ba gardama za a yi ba. A ajiye shafuka biyun gefe da gefe a tambaye shi: me ya bambanta wannan da bakwai ɗin da suka faɗi? In yana da amsa mai kama hankali, madalla. In babu, lambar tarihi ta fi kusa da gaskiya. Wannan rajista kuma ita za ta riƙa auna masu aunawa: in cikin ayyukan da kuka ba kashi 70 uku kawai cikin goma ke fita, kun san mudunku na da rami.

Roƙona ga manajojin da ke zaune a nan guda biyu ne. Daga yau duk takardar da ta zo teburinku da lamba ɗaya a ƙasa, ku mayar da ita a kawo uku. Kuma wanda ya kawo muku kashi 23 kada ku ɗaure masa fuska, domin in kuka yi haka sau ɗaya, ba za ku sake ganin abin da ya gaza 90 ba. Ku kuma ƙannena ɗalibai, kada ku jira sai an ba ku ofis. Ku je wurin da kuke koyon aiki ku nemi tsofaffin fayiloli, ku cike layi goma na farko na rajistar nan kafin ƙarshen wata.